Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya cika a Alƙahira

Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya bar Katsina da niyyar aikin Hajji, bai kuma sake ganin gida ba. Masanin lissafi ne da ilimin taurari. A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hatimi, wato jadawalin da jimillar lambobinsa ke zama ɗaya ta kowace fuska.

Bayan ya sauke farali sai ya zauna a Alƙahira, gidan Shehu Hasan al-Jabarti, wanda ya ɗauki karatu a wurinsa. Da ajali ya gabato a 1741, ya danƙa wa mai masaukin nasa amanar dukiyarsa da littattafansa. A gidan ya cika, a birnin aka binne shi. Ɗan mai gidan, masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana labarinsa.