Tarihin Imamu Gazali Da Ciwon Da Ya Kulle Masa Harshe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin malaman da suka gabata, da wuya a sami wanda sunansa ya game duniya kamar Imamu Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Gazali, wanda ake yi wa laƙabi da Hujjatul Islam. Almajiran ilmi na ƙasar Hausa sun san shi ta littafinsa Ihya'u Ulumiddini. To, shi wannan littafi ya biyo bayan wata cuta ce da ta kama malamin yana tsakiyar ɗaukakarsa, cutar kuwa ta taso ne daga wani zato da ya daɗe yana riƙe da shi game da darajar kansa.

An haife shi a garin Ɗus na yankin Khurasan, cikin ƙasar Iran ta yau, a shekara ta 450 bayan Hijira, watau 1058 Miladiyya. Mahaifinsa talaka ne, yana kaɗa gashin tumaki yana sayarwa. Da ya ga ajali ya matso, sai ya danƙa shi da ɗan'uwansa Ahmadu ga wani abokinsa sufi tare da 'yan kuɗi kaɗan. Sa'ad da kuɗin suka ƙare, sai mutumin ya shawarce su da su shiga makarantar da ake ciyar da ɗalibai. Ta haka marayan nan ya kama hanyar ilmi.

Masu tarihi sun kawo cewa yana komowa daga Jurjan, inda ya je karatu, sai 'yan fashi suka tare ayarinsu, suka ƙwace har da jakar takardunsa. Ya bi shugabansu yana roƙo a mayar masa, domin ilminsa duk yana ciki. Ɗan fashin ya yi masa dariya, ya nuna masa cewa ilmin da za a iya raba mutum da shi ta hanyar ƙwace jaka bai zama nasa ba tukuna. Gazali ya ɗauki maganar, ya yi shekara 3 yana haddace abin da ya rubuta. Wannan hali na karɓar gyara ko daga bakin wane ne ya fito, shi ya cece shi daga baya.

Daga nan ya nufi Naisabur, ya lazimci Imamul Haramaini Juwaini har malamin ya rasu a 478. Sa'an nan ya shiga fadar Waziri Nizamul Mulki, inda malamai kan taru ana muhawara, shi kuwa ya kan rinjayi duk wanda ya kara da shi. A 484, watau 1091, Waziri ya naɗa shi malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da shekara 34. Ɗalibai wajen 300 ke zama a gabansa, manyan gari suna girmama shi, fadar Halifa tana neman shawararsa.

Yana cikin wannan daula ne ya zauna ya binciki niyyarsa, kamar yadda ya ba da labari da kansa a littafinsa Almunƙizu Minad Dalali. Ya duba aikinsa mafi kyau, watau koyarwa, sai ya tarar abin da ke motsa shi son girma ne da yaɗuwar suna. Ashe ya ɗora ƙimar kansa a kan matsayinsa cikin zukatan mutane. Ya kan ƙudura niyyar barin Bagadaza da safe, kafin maraice niyyar ta warware, zuciya tana raya masa cewa in ya saki wannan girma ba zai sake samun irinsa ba. Ya yi kusan wata 6 cikin wannan kai da komowa, tun daga Rajab na 488.

Daga bisani abin ya fito a jikinsa. Harshensa ya kulle, ya kan yi ƙoƙarin ya karantar ko na yini guda domin ya faranta wa ɗalibai rai, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Baƙin ciki ya rufe shi, abinci ya daina narkewa a cikinsa, ƙarfinsa ya tafi. Likitoci suka duba, suka ce ciwon daga zuciya ya faro sa'an nan ya shafi jiki, babu kuwa magani sai damuwar ta gushe.

A watan Zulƙida na 488, watau Nuwamba 1095, ya rarraba dukiyarsa, ya rage abin da zai ishe shi da 'ya'yansa, ɗan'uwansa Ahmadu ya riƙe masa makaranta. Ya nuna Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada a hana shi tafiya. Mutane suka yi ta surutu, na nesa suna cewa tsoron mahukunta ne ya kore shi, na kusa suna cewa kambun baka ne ya sami malamai. A Dimashƙu ya kan hau hasumiyar babban masallaci ya rufe ƙofa, ya yini yana zikiri. Ya tafi Baitul Muƙaddas, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahimu, a nan ya yi alkawarin ba zai ƙara zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kyautarsa ba, ba zai kuma ƙara muhawara ba. Ya yi aikin Hajji a 489.

Cikin shekarun nan ya wallafa Ihya'u, littafi 40 a rubu'i huɗu. Rubu'i na uku ya keɓe shi ga halayen da ke halaka mutum, a nan ne ya bayyana cutar da ya sani a jikinsa. Ya ce son girma shi ne son mallakar zukatan mutane, zukata kuwa ba sa zama wuri guda, saboda haka wanda ya kafa jin daɗinsa a kansu kullum yana cikin fargaba. Ya koya wa mutum ya auna yabo: in halin da aka yabe shi da shi babu shi gare shi, to murnarsa wauta ce, in kuwa akwai, to baiwar Allah ce abar murna, yabon bai ƙara mata kome ba. Haka kuma zargi: in mai zargin gaskiya ya faɗa, ya nuna maka aibin da za ka gyara ko da cutarwa ya nufa, in ƙarya ya yi, kansa ya cuta.

Har ila yau bai manta da wanda cutarsa ta zo ta ɗaya ɓangaren ba, watau mai ganin shi ba kome ba ne. Ya bayyana cewa tawali'u tsakaici ne, wuce shi girman kai ne, gazawa gare shi kuwa wulaƙanta kai ne, dukansu abin zargi ne. Ya ba da misalin malamin da baduku ya shigo masa, ya tashi ya ba shi mazauninsa, ya koma yana gyara masa takalma. Wannan ya ƙasƙantar da kansa, abin da ya dace ya tarbe shi da fara'a da taushin magana, kada kuma ya ga ya fi shi. Wanda kuma tsoro ya rinjaye shi har ya ɗebe tsammani daga rahamar Allah, ko ya matsa wa kansa da iyalinsa, Gazali ya ce maganinsa a tunatar da shi faɗin rahama.

Tun da yake mutum ba ya ganin ƙeyarsa, sai ya kawo hanya huɗu ta sanin aibin kai: zama gaban malami masanin cututtukan zuciya, da riƙon aboki mai gaskiya, da sauraron abin da maƙiya ke faɗi, da cuɗanya da jama'a, duk abin ƙin da ka gani ga wani ka neme shi gare ka.

Bayan shekara 11 da barin Bagadaza, a Zulƙida na 499, Waziri Fakhrul Mulki ɗan Nizamul Mulki ya matsa masa ya koma koyarwa a Nizamiyya ta Naisabur, ya kuwa koma. Kujerar irin ta da ce, amma ya bayyana cewa a da yana yaɗa ilmin da ake samun girma da shi ne, yanzu kuwa yana kira ga ilmin da ake barin son girma da shi. Bai daɗe ba ya komo Ɗus, inda ya gina makaranta da zawiyya kusa da gidansa.

Ya rasu ranar Litinin, 14 ga Jimada Lahir na 505, watau Disamba 1111, yana da shekara 55. Ɗan'uwansa Ahmadu ya ba da labarin cewa bayan ya yi sallar Asuba ya sa aka kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi, ya ɗora a idanunsa, ya miƙe ƙafafu ya fuskanci alƙibla, kafin gari ya waye sarai ya cika. Allah Ya jiƙansa, Ya amfani Musulmi da ilminsa, amin.