Dokta Byang Kato (1936–1975): Mai Wa'azin da Ya Ba da Rigarsa

Ranar Asabar da dare, a Nyanya da Karu da Mararraba, akwai ɗakunan da fitilarsu ba ta mutuwa da wuri. A ciki za a tarar da dattijon ikkilisiya, ko mai bishara, ko wata uwa daga Zumuntar Mata, wanda aka ɗora wa wa'azin gobe. Mako guda ya yi yana fama da cunkoson motoci tsakanin gida da wurin aiki a cikin Abuja. Yanzu ga Littafi Mai Tsarki a buɗe, ga farar takarda, zuciya kuma tana tambayarsa ko ya isa ya tsaya gaban jama'ar Allah. Mai irin wannan tambaya zai sami ƙarfafawa cikin rayuwar wani bawan Allah da ya fito daga Kwoi, garin da mazauna Nyanya da dama suke bin hanyar Keffi zuwa cikinsa duk lokacin Kirsimeti.

An haifi Byang Kato a watan Yuni na 1936 a Sabzuro, cikin Kwoi, ƙasar Ham waɗanda Hausawa ke kira Jaba, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Shi ne ɗan fari, kuma tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama firist na addinin kakanni. An koya masa al'amuran tsafi tun yana ƙarami, an kuma shigar da shi cikin asiran manya kamar yadda al'ada ta tanada. A wannan zamani ne wata 'yar mishan ta SIM mai suna Mary Haas take zagaya unguwannin Kwoi da bishara. Yaron ya ji, ya fara zuwa makarantar Lahadi, ya kuma so shiga makarantar boko. Mahaifinsa ya ƙi, gama hannu ɗaya a gona ba abin wasa ba ne ga manomi. Daga baya ya yarda bisa sharaɗi: gona da safe, makaranta bayan an tashi.

Yana da shekara 12, wani malami ɗan ƙasa ya ba su labarin Nuhu da jirgi a cikin aji. Byang ya gane cewa shi ma yana bukatar mafaka daga hukunci, ya miƙe a gaban 'yan ajinsu ya karɓi Yesu Almasihu. Ba a rubuta tarihin wannan malami ba, wataƙila ma ya koma gida ran nan yana ganin darasi ne kamar na kullum. A 1948 aka yi wa Byang baftisma, aka ba shi suna Henry. Fushin mahaifinsa ya yi zafi ƙwarai: ya doke shi, ya hana shi abinci, ya ƙwace masa riga. Shekaru bayan haka, iyayen nasa da kansu suka ba da gaskiya.

A 1953 aka yi babbar falkaswa a ikkilisiyar Kwoi. Mutane suka riƙa fitowa suna furta zunubansu, suna kawo abin da suke da shi baiko ga Ubangiji. Byang, saurayi ɗan kimanin shekara 17, wanda zuciyarsa ta riga ta soma sanyi ga al'amuran Allah, ya fita gaba da hawaye. Ba shi da kuɗi, sai ya tuɓe rigarsa ya ajiye ta tare da sauran kyautai, ya durƙusa yana addu'a. Bisa ga shaidar da ya bayar daga baya, a kan gwiwoyinsa ne ya gane cewa abin da Ubangiji yake nema ya wuce riga, ransa gaba ɗaya yake so. Rigar farko da ƙarfi aka karɓe ta saboda Almasihu, ta biyun kuwa shi ya miƙa da hannunsa. Duk wa'azin da ya yi daga baya, a Legas ko London ko Nairobi, daga wannan durƙuso ya fito.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa mai shirin wa'azi ya lura da shi, domin Byang bai ɗauki hawayen falkaswa a matsayin madadin karatu ba. A 1955 ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, a Jihar Kwara ta yau, ya gama a 1957, shekarar da ya yi aure. Ya koyar a makarantun Baibul na ƙasarsu, ya kuma yi aiki da mujallar African Challenge a Legas. Bai taɓa zama a ajin sakandare ba. Ta hanyar wasiƙa ya yi karatun jarrabawar GCE, da dare bayan aiki, ga iyali ga ƙaramin albashi, har ya ci matakin farko a 1961, na biyu kuma a 1963. A wannan shekara ya tafi Ingila, ya shiga London Bible College, ya sami digiri a ilimin tauhidi. Da ya dawo gida aka zaɓe shi Babban Sakataren ECWA a 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, lokacin da mai wa'azi a Arewa yake tsayawa gaban kujerun da 'yan'uwa daga Gabas suka bari wayam. A 1970 ya sake komawa aji, wannan karo a makarantar tauhidi ta Dallas a Amurka, inda ya sami digirin dokta a 1974. Daga ranar da ya ajiye riga zuwa wannan rana, shekara 21 ke nan, kuma cikin dukansu bai daina wa'azi yana jiran ya gama karatu ba. Yana koyo yana koyarwa.

Me ya sa mutumin da ya riga ya iya magana ya wahalar da kansa haka? Ya ga ikkilisiyar Afirka tana yaɗuwa da sauri, majami'u suna cika, amma koyarwa ba ta da zurfi. Ya kamanta ta da jiki mai ƙarancin jini. Abubuwa biyu suka fi damunsa. Na ɗaya shi ne koyarwar da ke cewa a ƙarshe kowa zai sami ceto ko da bai gaskata da Almasihu ba. Na biyu shi ne garwaya bishara da addinin gargajiya har a kasa rarrabe su. A kan waɗannan ya rubuta littafinsa, Theological Pitfalls in Africa, wanda ya fito a 1975. Ya yarda a yi wa'azi da harshen mutane, a yi sujada da ganga da muryoyin gida, Kirista ya kasance ɗan Afirka sosai, amma Maganar Allah ita ce za ta auna al'ada. A kan addinin kakanni kuwa ba labarin wani yake bayarwa ba, tun da a cikinsa aka rene shi.

Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Ya soki manyan masana kamar John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya, wasu kuma, cikinsu har da Kwame Bediako na Gana, sun ga cewa ya tsananta, bai ba tarihin addinin Afirka haƙƙinsa ba. Akwai gaskiya a cikin wannan suka. Littafin farko ne na mutum mai shekara talatin da 'yan kai, wanda bai sami ran da zai sake dubansa ba. Duk da haka, tambayar da ya ɗora a gaban masu wa'azi tana nan daram: abin da za a faɗa gobe daga bagade, daga nassi ya fito, ko kuwa abin da jama'a suke son ji ne aka nemo masa aya?

A 1973, a taron Limuru na ƙasar Kenya, aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, wato AEAM, wadda yanzu ake kira AEA. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. A 1974 ya yi jawabi a babban taron bishara na duniya a Lausanne, ƙasar Suwizalan. Ya zagaya ƙasashe yana roƙon ikkilisiyoyi su kafa makarantun tauhidi masu zurfi, ɗaya domin masu Faransanci, ɗaya domin masu Turanci, don kada kowane mai kira ya zama sai ya haye teku kafin ya ƙoshi da ilimi.

Bai ga ko ɗaya da idonsa ba. Bayan babban taron Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya da aka yi a Nairobi a ƙarshen 1975, ya tafi hutu da iyalinsa bakin teku kusa da Mombasa. Ranar 19 ga Disamba ruwa ya ci shi, yana da shekara 39, ya bar mata da 'ya'ya uku. Digirin da ya yi shekaru yana nema bai kai shekara biyu a hannunsa ba. Aka kawo gawarsa gida Kwoi aka binne. Ƙasa da wata biyu bayan haka, a Fabrairun 1976, aka kafa dokar da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya, saboda haka bai taɓa sanin Nyanya ta yau ba, ko da yake fastoci da yawa da ke kiwon ikkilisiyoyinta sun sha daga rijiyoyin da ya haƙa. Hukumar tantance makarantun tauhidi ta Afirka, ACTEA, ta soma aiki a 1976. Makarantar masu Faransanci ta buɗe a Bangui a 1977, ta masu Turanci kuma a Nairobi a 1983. A Jos, ɗakin karatu na makarantar tauhidi ta ECWA, wato JETS, yana ɗauke da sunansa, a nan ne kuma ɗalibai suke zama suna shirya wa'azinsu na farko.