Monika, Uwar Agustinu

Mu iyaye mun san zafin ganin ɗa ya bar hanyar Ubangiji. Domin wannan muka ga ya kamata mu kawo labarin Monika, wata mai bi ta Afirka ta Arewa. An haife ta wajen shekara ta 331 a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Aka aurar da ita ga Fatrikiyus, mutum mai zafin rai, wanda ba mai bi ba ne. Ba ta kan amsa masa sa'ad da yake fushi ba, sai ya huce kāna ta yi magana. Kafin mutuwarsa ya karɓi baftisma.

Amma abin da ta iya da miji ya yi mata wuya a kan ɗa. Agustinu, wanda ta haifa cikin 354, ya tafi karatu birnin Kartaj, ya komo da koyarwar ƙarya ta mabiyan Mani. Monika ta hana shi zama a gidanta da cin abinci tare da ita. Korar ba ta juyo da shi ba, daga baya ta sake karɓarsa. Ta je ta roƙi wani bishop ya yi gardama da yaron har ya kā da shi. Dattijon ya ƙi, gama ya ga yaron bai shirya ji ba tukuna. Ya shawarce ta ta ƙyale shi, ta yi ta addu'a.

Cikin 383 Agustinu ya yi niyyar tafiya Roma. Uwar ta bi shi har bakin teku, ta riƙe shi, ko ya fasa ko su tafi tare. Ya ruɗe ta, wai rakiyar aboki yake yi, da dare kuwa jirgi ya tashi da shi. Ta yi kuka ƙwarai. Ashe tafiyan nan da take roƙon Allah ya hana, ita ce za ta kai shi Milan, ƙarƙashin wa'azin Bishop Ambrosi.

Ta bi shi can. Ba za mu ɓoye ba, tsohon halin bai sake ta sarai ba, har ta shirya masa aure wanda ba a taɓa ɗaurawa ba. Amma gardama ta ƙare. Tana zuwa sujada kullum, ɗan yana ganin zamanta. Cikin 386 ya tuba yana karanta Romawa sura 13, aka yi masa baftisma lokacin Ista na 387.

Suna kan hanyar komawa gida, zazzaɓi ya kama ta a Ostiya. Tun da daɗewa ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta, ranta kuwa yana kansa ƙwarai. Yanzu ta gaya wa 'ya'yanta su binne ta duk inda ya samu, kada su damu. Ta rasu tana da shekara 56, aka binne ta a Ostiya.