Malam Abdullahi Mai Boɗinga: Duk Inda Ya Juya, Karantarwa Yake Komawa



Daren jiya bayan Isha'i wani matashi ya tsaya har masallaci ya watse. Malamin firamare ne, shekararsa shida yana koyarwa. Ya ce mini ya gaji, albashi ba ya kai shi tsakiyar wata, abokan karatunsa da suka bi 'yan siyasa sun yi gidaje, shi kuwa ko neman aure ya je sai a ce ai malamin makaranta ne. Tambayarsa ita ce: me ake samu a wannan aikin? Ban iya ba shi amsa nan take ba, don ni ma na taɓa yi wa kaina wannan tambayar bayan na gama jami'a na dawo Kajiji. Abin da na yi shi ne na ba shi labarin wani mutum da muke ratsa garinsa duk lokacin da za mu Sakkwato, wato Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ake ce wa Mai Boɗinga, ake kuma ce masa Abdullahin Gwandu. Allah Ya yi masa rahama.

An haife shi wajen shekarar 1766, Shehu Usmanu ya girme shi da kamar shekara 12. Wurin mahaifinsu Malam Muhammadu Fodiyo ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka damƙa shi ga yayansa. A hannun Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Larabawan Jahiliyya, ya yi Ajurumiya da Ƙaɗarun Nada a nahawu, ya yi Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu. Ku duba da kyau, littattafan nan su ne dai waɗanda har gobe ake bitar su a zaurukan garuruwanmu, waɗanda wasu 'yan bokon addini irinmu ke yi wa kallon raini. Daga baya ya ɗauki Sahihul Buhari a wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma zauna gaban Malam Jibirila ɗan Umaru.

Ta yaya muka san duk wannan? Shi da kansa ya rubuta. A 1812, lokacin da sunansa ya riga ya cika ƙasa, ya zauna ya wallafa ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuk, ba don komai ba sai don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Wasunsu da ba don wannan littafin ba, da yau ba mai jin sunansu. Lokacin da na fara karanta shi a jami'a na ji kunya ƙwarai, don na yi ta ƙoƙarin tuna sunan malamin da ya koya mini haɗa baƙi a aji ɗaya, na kasa, sai da na tambayi mahaifiyata.

Shekaru masu yawa kafin jihadi, aikin Malam Abdullahi shi ne bin Shehu gari gari, Gobir da Kabi da Zamfara, ana wa'azi ana karantarwa. A ƙasar Zamfara ne wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki Shehu a waƙa kan cewa mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya umarci ƙanensa ya mayar da amsa. Hujjar da Malam Abdullahi ya kafa ita ce, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi wannan abin da ake tsoro muni, kuma a majalisin ana ware su gefe. Wannan fa shekara ɗari biyu da 'yan kai kenan. Yau kuma a ƙauyukanmu sai ka roƙi uba kafin ya bar 'yarsa ta gama Islamiyya.

Sai jihadi ya zo a 1804. Malamin nahawu ya zama jagoran runduna, shi ne a gaba ranar Tabkin Kwatto da aka karya rundunar Yunfa Sarkin Gobir. Ba zan tsaya kan yaƙe-yaƙen ba, masu tarihi sun wadatar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ya faru a 1807.

A wannan shekarar ana kan hanyar zuwa yaƙar Alƙalawa, sai ya dubi jama'ar da yake tare da su ya ga ba su ne mutanen da aka faro da su ba. Da yawa daga ɗaliban Shehu na farko sun yi shahada. Waɗanda suka cika sansani yanzu hankalinsu yana kan sarauta da dawakai da tufafi da ƙwaraƙwarai. Zuciyarsa ta ƙi. Ya sulale ya bar rundunar da 'yan mutane kaɗan, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina, ba da shirin dawowa ba. Mutum ne fa da yake wazirin Shehu, nasara tana hannu, rabon ƙasa ya kusa. Ya bar duka.

Da ya isa Kano sai mutanen garin suka tare shi suka hana shi wucewa. Ya ga irin abin da ya gudo wa shi ne ya tarar a can, ya gaya musu haka. Suka ce to ya koya musu. Nan ne labarin ya juya. Mutumin da ya yanke ƙauna daga jama'a har ya bar gida, da aka ce masa koya mana, sai ya sauke kayansa. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan yadda ake tafiyar da mulki da shari'a, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa sun tuba, har kayan kiɗansu suka farfasa suka mayar da itacen abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiyar ya koma gida. A fahimtata, karatun da ya ba Kanawa shi ma ya yi masa magani, don ya ga da idonsa cewa mutanen da suka karkace suna miƙewa in an zauna da su an karantar. Na gaya wa matashin nan cewa wannan ne abin da malami ke samu wanda ba ya cikin takardar albashi, ko da yake na san ba ya sayen buhun gero, kuma haƙƙin malamai yana wuyan masu riƙe da shi.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya koma Sifawa, Malam Abdullahi ya zauna kusa da shi a Boɗinga. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa, shi kuma ya koma ga ɗalibai da rubutu. To a cikin waɗannan shekarun, da nauyin rabin daula a kansa, Malam Abdullahi ya kammala Liya'ut Tawili, babban tafsirinsa da aka buga a Alƙahira a 1961. Wani lokaci in mota ta tsaya da mu a Boɗinga ina kallon masu sayar da albasa da yara 'yan talla, sai in tuna a wannan yankin aka yi aikin da malaman ƙasashen Larabawa suke rubuta digiri a kansa.

Shehu ya rasu a 1817. Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar Sakkwato. Abin ya yi masa ciwo, ba sai an ɓoye ba, su ma mutane ne. Ya tafi Gwandu. Bayan 'yan shekaru, da 'yan tawaye suka matsa masa a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, a nan kuma baffan ya yi wa ɗan ɗan'uwansa mubaya'a, rigima ta mutu. Daga nan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu yawancin harkokin mulki, ya koma kan buzunsa.

Cikin abin da ya rubuta a wannan zangon na ƙarshe akwai wanda na fi so. Ya lura Liya'ut Tawili ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, saboda yawan ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi da zurfin Larabci. Sai ya sake zama ya yi wani tafsirin mai sauƙi, ya tsaya kan ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya da mutanen ƙasar nan suka sani, ya sa masa suna Kifayatu Du'afa'is Sudan, wato abin da zai ishi masu rauni na wannan ƙasa. Mutumin da ya tsara baitoci dubbai a nahawu da sarfu, wanda ake yi wa laƙabi da Balaraben Sudan, bai ga ƙasƙanci ba ne ya sauko daidai fahimtar ɗalibin da ke baya a aji. Mu kuwa da digiri ɗaya sai mu hau mumbari mu yi ta zuba Larabci, tsohon da ke sahun gaba bai gane ko kalma ba. Da kaina na fara.

Ya rasu a Gwandu a shekarar 1245 ta Hijira, wato 1829, kabarinsa yana can. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan malamansa da namu.

Matashin bai ce mini ya fasa barin aikin ba, ni ma ban matsa masa ba. Ya dai karɓi aron kwafina na Ida'un Nusuk, ya ce zai dawo da shi ranar Juma'a.