Mikeli, mutumin da ya gano irin laimar kwaɗi

Yara, in ruwa ya kwana yana zuba a Rumbu, ku fita da sassafe ku duba makiyaya, inda shanu suka kwanta. Wata sa'a za ku ga ƴan ƙananan laimomin kwaɗi sun fito cikin ciyawa. Jiya babu su. Kafin rana ta take tsaka sun yanƙwane, wasu kuma sun narke sun zama baƙin ruwa kamar tawada. To, wa ya shuka su?

Mutanen dā a Turai cewa suke yi ba su da iri, ruɓa ce kawai take haifar su. Wani talaka ne ya ƙi yarda.

Sunansa Pier Antonio Micheli, ana faɗi Mikeli. An haife shi a birnin Fulorans, ƙasar Italiya, ran 11 ga watan Disamba 1679. Ubansa marini ne, ba shi da kuɗin sa shi makaranta mai zurfi. Sai aka kai yaron wurin wani mai sayar da littattafai ya koyi sana'a. A nan ya sami littattafan tsirrai. In ya karanta, sai ya shiga daji ya nemo tsiron, ya gwada shi da zanen da ke cikin littafi. Latin, harshen malaman zamanin, shi ya koya wa kansa. A 1706 sarkin ƙasar, Kosimo na 3, ya ɗauke shi ya zama masanin tsirransa.

Mikeli yana da madubi mai ƙara girman ƙananan abubuwa, irin wanda likita ke duban jini da shi, amma nasa bai kai na yanzu ƙarfi ba ko kusa. Ya kife laimar kwaɗi, ya yanko ɗaya daga cikin siraran faifan da ke jere a ƙarƙashinta, ya sa a madubi. Sai ga ƴan ƙwayoyi birjik kamar ƙura, a jikin wasu laimomin ma zaune suke huɗu-huɗu. Ya zaci iri ne. Amma zato ba hujja ba ne, manomi ya san iri sai ya tsira ake kiransa iri.

Sai ya koma kan funfuna, wadda dangin laimar kwaɗi ce. Ya yanka malo, ɗan'uwan kankana, gunduwa-gunduwa. Ya ɗebi ƙurar funfuna iri dabam-dabam, ya barbaɗa kowace a nata gefe, ya jira. Bayan ƴan kwanaki kowane gefe ya fid da irin funfunar da aka shuka masa. Gero aka shuka, gero ya fito, ba dawa ba.

Wata funfuna da ya gani a madubi, kanta ya yi kama da abin yayyafa ruwa na coci, sai ya sa mata suna Aspergillus. Har yau sunan ke nan. Wata daga cikin danginta ita ke kama gyaɗar da aka adana ba ta bushe ba, ta sa mata guba.

Buga littafi ya ba shi wahala, don zane-zane suna da tsada. Ya bi masu hali ɗaya-ɗaya, kowa ya biya kuɗin zane. A 1729 littafin ya fito, sunansa Nova plantarum genera, wato sababbin dangogin tsirrai. Akwai tsirrai wajen 1900 a ciki, kusan 900 dangin laimar kwaɗi ne da funfuna da makamantansu. Duk da haka malamai da yawa ba su gaskata shi ba. Sai da aka yi fiye da shekara ɗari, Pasteur na Faransa ya yi nasa gwaje-gwajen, sannan gardama ta kwanta.

A 1736 Mikeli ya tafi neman tsirrai a arewacin Italiya, ya komo da ciwon ƙirji. Ya rasu a farkon watan Janairu 1737, yana da shekara 57. Kashi na biyu na littafinsa bai sami fitowa ba. Busassun tsirransa da takardunsa suna ajiye a Fulorans.

Akwai wata ƴar laima mai tsira a ciyawar Turai, kanta da ninki-ninki kamar laimar hannu. William Curtis na Ingila ya bayyana ta a 1787, a 2001 kuma aka sa ta cikin dangin da ake kira Parasola. Tana da ƴan'uwa masu kama da ita sosai, ido ba ya raba su. Sai an sa ƙwayar irin a madubi, a dubi siffarta, a auna tsawonta, wanda bai fi kashi ɗaya cikin ɗari na milimita da yawa ba.

Ku ma kuna iya ganin ƙurar nan. Ku tsinko kan laima ɗaya, ku kife shi bisa farar takarda, ku rufe da ƙwarya ya kwana. Kada ku sa a baki, wasu suna da dafi, ku kuma wanke hannu. Da safe ku ɗaga a hankali, ku kawo takardar lakwal.