LIKITA MILA DA 'YAR EKKLESIYAR GIMI

A wannan wata na Disamba, sa'anda ekklesiyoyi manya da ƙanana suke shirin Kirsimati, mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wani bawan Allah wanda ya ba da kusan dukan ransa ga ƙasar Hausa, da labarin wata 'yar ekklesiya ta ƙauye wadda ta tashi ta wurin aikinsa. Ekklesiyar nan ba ta daɗe ba, cuta ta watsa ta. Duk da haka amfanin da ta bari yana nan har yau. Muna ba da labarin nan musamman domin 'yan'uwanmu na ƙauyuka, kamar na ƙasar Sakkwato wajen Boɗinga da Dingyaɗi da Shagari, inda masu-bi ba su da yawa, har wani lokaci zuciya takan karai, mutum ya ga kamar taron mutum goma ba shi da wani amfani.

Haihuwarsa da shirinsa

Sunansa Walter Miller, amma Hausawa suka san shi da Likita Mila. An haife shi a ƙasar Devon cikin Ingila a shekara ta 1872. Ya koyi aikin likita a babbar asibitin St. Bartholomew a birnin London. Da ya gama, bai nemi wurin da zai tara dukiya ba, sai ya ba da kansa ga mishan ɗin C.M.S. domin a aike shi ƙasar Hausa.

Ya gane tun da fari cewa wanda bai ji harshen mutane ba, ba zai kai ga zuciyarsu ba. Saboda haka kafin ya zo nan, aka aike shi Tarabulus, a bakin teku can arewa da hamada, inda fataken Hausawa da masu tafiya aikin haji suke sauka. A wurinsu ya fara koyon Hausa, yana zama da su yana sauraro, yana rubuta abin da ya ji. Harshen nan kuwa ya zama abin aikinsa har ya mutu.

Tafiya Kano

A shekara ta 1900 ya taso daga Ikko tare da Bishop Tugwell da waɗansu Turawa uku, suka nufi Kano ta ƙasa. A lokacin nan Turawa ba su ci Kano ba tukuna, gama sai a 1903 aka yi wannan. Da suka isa, Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar garin. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A can ɗaya daga cikinsu, Claud Dudley Ryder, ya yi ciwo ya mutu. A garin nan ne kuma Walter Gowans, ɗaya daga cikin mutum uku na farko na S.I.M., ya mutu a 1894. Ashe 'yar ƙaramar Girku ta riƙe kaburbura biyu na masu-bishara tun ba a sami ekklesiya ko ɗaya a ƙasar ba.

Sauran suka koma, amma Likita Mila bai fid da zuciya ba. Ya sake dawowa, har a shekara ta 1905 ya sami izini ya zauna cikin birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. A unguwar Durumin Maigarke ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara. Yaran suna kwana a gidansa, yana koya musu karatun boko da lissafi da Maganar Allah. 'Yar'uwarsa Ethel Miller ita ma ta zo ta yi aiki a ƙasar.

Ba za mu ɓoye halinsa ba. Mutum ne mai zafin rai, mai kaifin harshe. In ya ga an zalunci talaka ba ya iya yin shiru, saboda haka ya sha saɓani da sarakuna, da Turawan mulki, har da abokan aikinsa na mishan. Wani lokaci gaskiya tana wajensa, wani lokaci kuwa zafin ya yi yawa. Shekaru suka yi ta wucewa, waɗanda suka ba da gaskiya a birnin kuwa ana iya ƙirga su da yatsu.

Isawa

Tun kafin a haifi Likita Mila, akwai wani malami a Kano, sunansa Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alkur'ani ya lura da irin girman da aka ba Annabi Isa ɗan Maryamu, ya yi ta koya wa almajiransa wannan, har aka riƙa kiransu Isawa. Manyan gari suka ga koyarwarsa ta kauce, aka kira shi ya janye, ya ƙi. Aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekara ta 1867, a zamanin Sarki Abdullahi. Mabiyansa suka watse zuwa ƙasar Ningi da ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Ana ba da labari a cikinsu cewa malaminsu ya ce musu su jira, wata rana za a zo musu da cikakken labarin Isa.

A shekara ta 1913 waɗansu daga cikin zuriyar Isawan nan suka zo wurin Likita Mila a Zariya, suna neman a karanta musu Linjila. Ba dukan Isawa ne suka bi wannan hanya ba, da yawa suka tsaya a kan abin da suka gāda. Amma waɗansu gidaje suka ba da gaskiya. Ku duba ikon Allah. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ƙwanƙwasa ƙofar birni ba a buɗe ba, sai ga mutanen ƙauye sun zo ƙofarsa da ƙafarsu.

Zaman Gimi

Da yake gidajen nan a warwatse suke, nesa da juna, aka ga ya fi kyau su taru wuri ɗaya. A 1914 aka sami fili a Gimi, a ƙasar Maƙarfi tsakanin Zariya da Kano, suka kafa ƙauyensu. Suka sare daji, suka gina ɗakuna da ɗakin sujada, suka buɗe makaranta, suka yi gonaki. Manya da suka saba da allo da tawada suka zauna tare da yara suna koyon sababbin baƙaƙe, domin kowa ya iya karanta Linjila da kansa. Yaran da suka yi ƙoƙari kuwa aka riƙa aika su makarantar Likita Mila a birni.

Wanda aka sa ya zauna da su shi ne Rev. W. A. Thompson. Baƙin mutum ne kamarmu, daga tsibiran Karibiyan can wajen Amurka, inda aka kai kakanninsa bauta, inda kuma noman rake shi ne babban aiki. Mutanen ƙasar Zazzau sun san rake tun dā, suna nomansa a fadama suna sha. Amma a Gimi aka nuna musu yadda za a matse shi da inji, a dafa ruwan cikin manyan tukwane har ya yi kauri, a zuba shi ya daskare ya zama mazarƙwaila, wadda ba ta lalacewa da sauri, ana kuwa iya kai ta kasuwa mai nisa. Masu-bin Gimi ba su riƙe sanin nan a hannunsu kaɗai ba. Maƙwabta suka gani, suka koya, sana'ar ta bazu. Har yau ƙasar Maƙarfi ta shahara da rake da mazarƙwaila, mutane masu yawa suna ci da iyalinsu daga gare ta, ko da yake yawancinsu ba su taɓa jin sunan Thompson ba.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Ekklesiyar Gimi ba ta da kuɗi, ba ta da babban gini, ba ta da iko a wurin sarauta. Abin da take da shi uku ne: sujada tare, aiki tare, da hannu buɗe ga maƙwabci. Wa'azin da aka hana yi a kasuwar birni, sai zaman mutanen nan ya yi shi a ƙauye.

Ciwon barci

Amma murnar ba ta daɗe ba. Akwai ƙudan tsando a kurmin bakin rafuffuka na wannan yanki, shi ne kuwa yake ɗaukar ciwon barci daga mutum zuwa mutum. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da kumburin wuya, daga baya mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana, ya rame, hankalinsa ya rikice, har ya mutu. A zamanin nan ba a sami magani mai kyau ba tukuna. Bayan 'yan shekaru kaɗan ciwon ya shiga Gimi, ya kwashe mutane da yawa, manya da yara. Likita Mila likita ne, amma ya tsaya yana kallon mutanen da ya fi ƙauna suna mutuwa, ba shi da abin da zai ba su. A ƙarshe aka bar wurin, waɗanda suka ragu suka koma Zariya da waɗansu garuruwa. Sai a 1937 gwamnati ta fara babban aikin sare kurmin rafuffuka a ƙasar Ancau, har aka gina sabon gari mai suna Takalafiya.

In da ido na mutum za a duba, sai a ce aikin Gimi ya tashi a banza. Amma marayu da sauran yaran da suka tsira, su ne suka cika makarantar Zariya.

Wusasa da Littafi Mai Tsarki

A shekara ta 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, a gindin dutse yamma da Zariya. Likita Mila bai so wannan ƙaura ba, gama zuciyarsa tana cikin birni. A Wusasa aka gina majami'a da ƙasa, ginin Hausa sosai, aka sa mata suna St. Bartholomew, sunan nan ɗaya da na asibitin da ya koyi aiki. Aka kuma kafa asibitin St. Luke da makaranta. Zuriyar mutanen Gimi suna cikin waɗanda suka zama tushen jama'ar nan. Daga jama'ar Wusasa aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa. Farfesa Ishaya Audu kuwa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga zuriyar Isawa ya fito.

Shi Likita Mila sai ya koma Kano, garin da aka kore shi a 1900, ya duƙufa a kan juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Ba shi kaɗai ya yi ba. Akwai Likita Stirrett na S.I.M., da waɗansu ma'aikata na mishan dabam dabam, da malamai Hausawa waɗanda suka auna kalmomin. A shekara ta 1932 aka buga dukan Littafin. Ya bar C.M.S. a 1935, ya rubuta littattafai da Turanci a kan Nijeriya, amma bai iya zaman Ingila ba. Ya dawo, ya ƙare kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

Bayan an buga Littafin, ƙofofi suka fara buɗewa a wuraren da dā suke rufe. Wajen ƙarshen shekarun 1930 S.I.M. ta karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa kusa da Sakkwato. A wuraren nan ma ba da yawan jama'a aka fara ba, da wanke miki aka fara.

Abin da za mu koya

Ranar Kirsimati, sa'anda mai-bishara zai tashi a 'yar majami'ar ƙauye ya karanta labarin haihuwar Ubangijinmu daga sura ta biyu ta Luka da harshen Hausa, sai mu tuna da mutanen da suka sha wahala kafin labarin ya zo bakinmu. Mu tuna kuma cewa labarin kansa na ƙaramin gari ne, da matalauta, da makiyaya masu kwana a daji.

Kirsimati takan zo mana bayan kaka, rumbu da hatsi, hunturu kuma ya sauko. Lokaci ne da mai abu yake da abin bayarwa, marar mayafi kuma yake jin sanyi. Al'ada ce mai kyau a ƙasarmu, maƙwabtanmu Musulmi sukan aiko mana da nama ran Babbar Salla, mu kuma mukan aika musu da shinkafa da miya ran Kirsimati. Kada mu bar al'adar nan ta mutu. Su ma suna girmama sunan Isa ɗan Maryamu, ta wurin sunan nan ne kuwa Isawa suka fara nema. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Bari dattawan ekklesiya su je su gai da mai gari da liman. Bari mata su tuna da gwauraye da marayu da makafi na unguwa, ba na ekklesiya kaɗai ba. Bari samari su ɗebo wa tsofaffi itacen jin ɗumi.

Amma kada alherin ya ƙare da kwanon abinci na yini ɗaya. Kowace ekklesiya ta tambayi kanta, mene ne mazarƙwailarmu? Wane sani ne Allah ya ba mu wanda zai amfani dukan ƙauyen? Wataƙila karatu ne, a buɗe ajin yamma ga duk mai so. Wataƙila sanin tsabtar rijiya ne, ko dabarar noman rani, ko ɗinki. Abin da aka raba da maƙwabci shi ne yakan daɗe, ko bayan ginin ya rushe.

Ku da kuke kaɗan, kada ku raina kanku. Ubangiji ya ba mu Kirsimati mai albarka, ya sa ƙauyukanmu su zauna lafiya. Amin.