Labarin Malam Abdullahi na Gwandu da Abin da Ya Nufa da Aikinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Amma bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridai na ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, da ku da ke zamne bakin ruwan Kainji, na yi nufin in rubuta muku kaɗan daga labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, Allah shi yarda da su. Sababin haka tambaya ce da ta yawaita ga bakin almajirai, cewa mine ne amfanin wahalar da mutum ke sha tun asuba har almuru, kuma don mi anka halicce shi. Malamai sun amsa wannan da dalilai cikin littattafai. Ni kuwa na zaɓi in amsa da labarin mutum guda, don labarin bayin Allah ya fi dogon bayani saurin shiga zuciya.

Ku sani an haife shi a shekara ta 1180 ta Hijira, wajen 1766 ga lissafin Nasara, Shehu ya girme shi da shekara 12. Ubansu Muhammadu Fodiyo, uwarsu Hauwa'u. Ya karanta Alƙur'ani wurin ubansa, da ya kai shekara 13 anka ba da shi hannun wansa, ya karantar da shi, ya ɗora shi bisa hanyar Ƙadiriyya. Ya ɗauki ilmi kuma ga Malam Jibrilu ɗan Umaru da wasu malamai masu yawa, waɗanda ya lissafa cikin littafinsa Ida'un Nusuki. Ya bi Shehu wurin wa'azi ƙasar Kabi da Zamfara, shekaru suna tafiya ba su da sarauta ba su da runduna. Shina nan ranar da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Idi, wajen 1788, ya fito musu da dukiya, Shehu ya ƙi karɓa, ya roƙi a bar shi shi kira mutane zuwa ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Wanda ya ga wannan da idonsa shina saurayi, ya riga ya san abin da anka fito nema.

Sa'an nan Sarki Yunfa ya tsananta wa jama'a, sunka yi hijira daga Dagel zuwa Gudu a 1218, ita ce 1804. Malam Abdullahi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, shi ya ja runduna ranar Tafkin Kwatto, shi ya buɗe Birnin Kabi a 1805. Amma nasara ba ta zo ita kaɗai ba. A Tsuntsuwa da Alwasa an kashe mutanen kirki da yawa, mahardata Alƙur'ani da abokan karatunsa na tun Dagel.

Nan ne wurin da nike so ku natsu. A shekara ta huɗu bayan hijirar Gudu, wajen 1807, runduna ta fita za ta Alkalawa, shina cikinta. Ya duba jama'a, ya ga tuta ita ce ta jiya, kabbara ita ce ta jiya, amma zukata sun sāke. Waɗanda sunka fito don Allah mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda sunka gaje su da yawa sun koma neman sarauta da ganima da tufafi da dawaki. Abin da ya fi tsorata shi kuwa, ya ji tsoron kada shi ma shi zama ɗaya daga cikinsu. Wannan ita ce alamar sufi na gaskiya, shi fara tuhumar ransa tun bai tuhumi na wani ba. Sai ya bar runduna, shi da mutum biyar, ya fuskanci gabas da niyyar Makka da Madina, ba da nufin komowa ba. Sun yi kwana ukku cikin daji ba su ga ɗan Adam ba, sai sawun giwaye, har Allah ya kai su Kano, zamanin Sarki Sulaimanu.

Mutanen Kano sunka tsare shi, sunka roƙe shi shi zamna shi koya musu yadda a ke hukunci. Da farko bai so ba, gama ya tarad da abin da ya gudo dominsa ya riga shi isowa can. Sunka nace. Ya zamna, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami bisa hukuncin sarauta da shari'a, har sunka farfasa gangunan wasa sunka mai da su abin ba dawaki abinci. Daga nan ya juya ya koma wurin Shehu, bai isa Makka ba har ya bar duniya.

Wani shi kan ce, ashe tafiyar ta ɓaci ke nan. Ni ban ga haka ba. Abin da ya fita nema yardar Allah ce, ya zaci tana can nesa ga barin mutane, sai anka nuna masa ita cikin hidimar mutane. Wurin ya sāke, abin nufi bai sāke ba. Ku auna wannan ga kanku. Masunci biyu su kan fita cikin jirgi guda tun duhun asuba, su ja taru guda, su kai kifi kasuwar Yelwa su sai da shi farashi guda. Ɗaya ya fito don shi ci da iyali da halali, shi tsare fuskarsa ga roƙo, shi sami ƙarfin salla da wuridi. Ɗaya ya fito don a ce ya fi wane. Mai kallo daga gaɓa ba shi iya rarrabe su, amma na farko ibada ya wuni yi, na biyu gajiya kaɗai ya kwaso. Haka mai noman albasa, haka mai fito, haka malami bisa buzunsa, kuma malami ya fi su haɗari, don aikinsa shina da kamar addini ko da niyya ta ruɓe. Muridin da ya ji aikinsa ya yi masa ɗaci, kada shi yi gaugawar yad da taru ko barin gona da sunan zuhudu. Shi fara binciken abin da ya nufa da shi.

Alkalawa ta faɗi a 1808. A 1812 Shehu ya raba lura da ƙasa, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi. Ƙasarmu ta Yauri cikin rabonsa ta ke, Sarkin Yauri Albishir ɗan A'i ya riga ya karɓi amana, anka bar masa sarautarsa a Birnin Yauri. Mulki bai raba malam da alƙalami ba. Cikin waɗannan shekaru ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, ya gama babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili a 1816.

Sa'an nan jarrabawa mafi nauyi ta zo. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1232, ita ce 1817. Malam Abdullahi ya taso daga Boɗinga, ya tarad da an yi wa Bello mubaya'a, an rufe ƙofar gari. Shi ne ƙane, shi ne waziri, shi ne mafi ilmin jama'a bayan Shehu. Ba ni ce muku abin bai yi masa zafi ba, mutum ne, kuma an yi shekaru da sanyi tsakaninsa da ɗan wansa. Dattawanmu da ruwa ya tasa daga gungunansu a 1968, sa'ad da anka gama madatsar Kainji har tsohuwar Busa ta nutse, sun san ɗacin a raba mutum da wurin da ya ɗauka nasa ne. Amma bai tara runduna ba, bai raba kan Musulmi ba, ya juya ya tafi Gwandu. Da mutanen Kalambaina sunka yi masa tawaye, Bello ya zo da kansa ya taimake shi, wajen 1821. Bayan an ci garin sunka gamu bisa dawaki, Bello ya yi nufin sauka don girmama baffansa, Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi, ya yi masa mubaya'a. Da sarauta ce ya nufa tun Gudu, da wannan rana ba ta yiwu ba.

Bayan haka ya bar yawancin al'amuran mulki hannun ɗansa Muhammadu Wani da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da wallafa. Ya duba ya ga babban tafsirinsa ya yi wa ƙananan almajirai nauyi, sai ya taƙaita musu shi cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudan, domin raunana irinmu. Ya bar littattafai cikin nahawu da sarfu da fiƙihu da gyaran zuciya, har yau ana karanta su cikin zauruka.

Ya rasu a 1245, ita ce 1829, kabarinsa shina Gwandu. Allah shi jiƙansa, shi ba mu albarkacinsa, shi yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.